Mutum dubu 100 sun fito, amma dokar ta wuce: darasin ƴan sandika na Wisconsin



Duk lokacin da malaman makaranta suka shiga yajin aiki muka buɗe layin waya a rediyo, kira iri biyu muke samu. Malami zai kira ya ce albashi ya yi jinkiri, mai gidan haya yana bin shi, mai kanti ya daina ba shi bashi. Yana ajiye waya sai wani uba ya kira daga ƙauye ya ce: "Ku dai kuna da abin jira ƙarshen wata. Mu sai damina, kuma ga ɗiyanmu zaune gida." Dukansu gaskiya suka faɗa. Sai dai mun lura ba su taɓa yin magana da juna ba, kowa da mu yake magana. Wannan ya sa yau muka ɗauko muku labarin wata jiha ta ƙasar Amurka, inda irin wannan rashin jituwa ya kayar da ƙungiyoyin ƙwadago masu ƙarfi, kuma har yau ba su gama miƙewa ba.

Sunan jihar Wisconsin, tana arewacin Amurka, ƙasar sanyi da kiwon shanun madara. Ba baƙuwar harkar sandika ba ce. Ita ce jiha ta farko a Amurka da ta ba ma'aikatan gwamnati, tun 1959, damar su zauna da hukuma a ƙungiyance su yi cinikin albashi da sharuɗɗan aiki. A watan Janairun 2011 sabon gwamna ya hau, Scott Walker na jam'iyyar Republican, kuma jam'iyyarsa ce ke da rinjaye a majalisun jihar guda biyu. Ranar 11 ga Fabrairu ya gabatar da wata doka da ya ce ta gyaran kasafin kuɗi ce, don an yi hasashen giɓin miliyar 3 da miliyan 600 na dalar Amurka a kasafin shekaru biyu masu zuwa.

Dokar kashi biyu ce. Kashi na farko na kuɗi ne: ma'aikaci zai riƙa zuba kusan kashi 5.8 cikin ɗari na albashinsa a asusun fansho, ya kuma biya kashi 12.6 na kuɗin inshorar lafiyarsa. Kashi na biyu shi ne inda gizo ke saƙar. Sandika ba ta da ikon tattaunawa a kan komai sai tsurar albashi, shi ma ƙarin ba zai wuce hawan farashin kaya ba sai an yi zaɓen raba gardama. Maganar awoyin aiki, hutu, yawan yara cikin aji, tsaron lafiya a wurin aiki, duk an cire su daga tebur. An hana cire kuɗin ƙungiya kai tsaye daga albashi. Sannan kowace shekara sai sandika ta sake neman amincewar kashi 51 na dukan ma'aikatan da take wakilta. Ku lura da kyau, na dukansu aka ce, har da waɗanda ba su zo zaɓen ba. Wanda ya kwanta rashin lafiya ran zaɓe, an lissafa shi cikin masu cewa a'a. Da da wannan ma'auni ake zaɓen gwamnoni, da shi kansa Walker bai hau kujerar ba. Amma ƴan sanda da ƴan kwana-kwana an tsame su daga dokar, kuma wasu daga cikin ƙungiyoyinsu sun mara wa Walker baya a zaɓen 2010. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Mako guda bayan haka shugabannin manyan sandikoki suka fito suka ce sun yarda da kashi na farko. A cire kuɗin fansho, a cire na lafiya, a bar musu haƙƙin tattaunawa kawai. Gwamna ya ƙi. A ganinmu tun daga nan ta bayyana cewa maganar ta wuce cike giɓin kasafi, ƙarfin ƙungiyoyin ake son karyawa.

To, jama'a ba su jira umarnin kowa ba. Ɗaliban jami'a masu taimaka wa malamai koyarwa ne suka fara zuwa ginin majalisa a Madison, babban birnin jihar, ranar 14 ga Fabrairu. Kwana biyu bayan nan aka rufe makarantun birnin, don malamai da yawa sun ce ba su da lafiya, suka nufi majalisa. Mutane suka shimfiɗa barguna cikin ginin suna kwana a ciki fiye da mako biyu, da ganguna da kwalaye, ga wurin rabon abinci, ga wurin magani, ga masu shara. Daga ƙasashe da dama, har da Masar wadda a kwanakin ne ta kawar da Hosni Mubarak, mutane suka riƙa biyan kuɗin abinci ta waya a kai wa masu zaman. Ƴan kwana-kwana da dokar ba ta shafa ba, su ma da yawansu sun yi jerin gwano da kayan aikinsu.

Ranar 17 ga Fabrairu sanatoci 14 na jam'iyyar Democrat suka tsallaka jihar Illinois mai maƙwabtaka suka zauna can. Dabara ce: majalisar dattawan na da kujeru 33, dokar da ta shafi kuɗi kuwa sai mutum 20 na zaune ake kaɗa mata ƙuri'a, ƴan Republican kuma 19 ne. Mako uku ana wannan ja-in-ja. Ranar 9 ga Maris sai masu rinjaye suka cire sassan da suka ce na kashe kuɗi ne, suka zartar da sauran da ƙuri'a 18 da 1. Gwamna ya sa hannu ranar 11. Washegari kusan mutum dubu 100 suka cika harabar majalisa cikin sanyi, wasu manoma har da taraktocinsu, a garin da mutanensa ba su kai dubu 250 ba a lokacin. Wata alƙaliya ta dakatar da dokar, kotun ƙolin jihar ta maido ta a watan Yuni, alƙalai 4 da 3. Ita ce ake kira Act 10.

Daga nan fafutukar ta koma zaɓe. Tsarin mulkin Wisconsin ya yarda a yi wa gwamna kiranye in an tara sa hannun jama'a. Ana bukatar dubu 540 da ƴan kai, aka tara fiye da dubu 900. Ranar 5 ga Yunin 2012 aka yi zaɓen, Walker ya kara da Tom Barrett, magajin garin Milwaukee, wanda dama shi ya kayar a 2010. Walker ya sake cinyewa da kashi 53, Barrett 46. Shi ne gwamna na farko a tarihin Amurka da ya tsallake zaɓen kiranye.

Yaya aka yi? Wasu za su ce kuɗi, kuma akwai gaskiya a ciki, don Walker ya tara fiye da miliyan 30 na dalar Amurka, ninkin-ba-ninkin abin da abokin karawarsa ya samu. Amma kuɗi kaɗai bai bayyana komai ba. Tambayoyin da aka yi wa masu zaɓe a bakin rumfuna sun nuna fiye da kashi ɗaya cikin uku na gidajen da ke da ɗan sandika a ciki, Walker suka zaɓa. Kusan mutum 6 cikin 10 kuma sun ce kiranye na shugaban da ya yi laifi a ofis ne, ba na saɓanin siyasa ba. Wata malamar jami'ar Madison, Katherine Cramer, ta yi shekaru tana zagaya ƙauyukan jihar, tana zama da mutane a wuraren shan kofi da tashoshin mai tana saurare. A littafin da ta fitar a 2016 ta nuna yadda mutumin karkara ke kallon ma'aikacin gwamnati: ɗan birni mai fansho da inshorar lafiya waɗanda shi ba shi da su, alhali da harajinsa ake biya. Kun ji fa. Muryar uban nan ce da ke kiranmu daga ƙauye, da wani harshe. Walker bai ƙirƙiro wannan haushi ba, ya tarar da shi, ya hau kai. Wani faifan bidiyo da ya fito a 2012 ya nuna shi tun Janairun 2011 yana shaida wa wata attajira mai mara masa baya cewa dabararsa ita ce a raba kawuna a ci nasara, a fara da ma'aikatan gwamnati.

Yanzu ku dubi jihar Ohio, a shekarar nan dai ta 2011. Gwamna John Kasich, shi ma ɗan Republican, ya sa hannu a kan doka mai kama da wannan. Bambanci biyu ne. Na ɗaya, tasa ta haɗa da ƴan sanda da ƴan kwana-kwana, waɗanda da yawansu masu zaɓen Republican ne. Na biyu, tsarin Ohio ya ba jama'a damar kai doka zaɓen raba gardama, abin da Wisconsin ba ta da shi. Saboda haka tambayar da aka yi wa mutumin Ohio ranar 8 ga Nuwamban 2011 mai sauƙi ce: ka yarda da dokar ko ba ka yarda ba? Kashi 61 suka ce a'a, dokar ta faɗi. Ɗan Republican ya iya ƙin dokar ba tare da ya bar jam'iyyarsa ba. A Wisconsin kuwa tambayar ta zama: kai na wa ne, Walker ko Barrett? Da zarar an kai nan, kowa ya koma gidansu na siyasa. Har alluna aka riƙa kafawa a ƙofar gidaje, wannan na goyon bayan gwamna, na kusa da shi na neman a tsige shi, maƙwabta da dangi suka daina zancen da juna.

Abin da ya biyo baya ya isa ishara. A 2010 kashi 14.2 na ma'aikatan Wisconsin ƴan sandika ne, a 2015 sun koma kashi 8.3. A 2015 ɗin aka yi wata doka da ta raunana sandikokin kamfanoni masu zaman kansu, ciki har da waɗanda suka ɗauka wutar ba za ta iso gemunsu ba. A 2018 Walker ya faɗi zaɓe a hannun Tony Evers, tsohon malamin makaranta, amma majalisa ta ci gaba da zama hannun Republican, dokar ba ta motsa ba. Sai a Disamban 2024 wani alƙali ya yanke cewa yawancin Act 10 ya saɓa wa tsarin mulkin jihar, kuma hujjarsa ita ce wariyar nan da aka yi tsakanin jami'an tsaro da sauran ma'aikata. Aka ɗaukaka ƙara, aka jingine hukuncin. Shekara 13 ke nan kafin a samu ko wannan.

Kada a fahimce mu ba daidai ba. Gwamnatin da ta ce asusu ya yi ƙasa tana da haƙƙin ta faɗa, mai biyan haraji kuma yana da haƙƙin ya tambayi inda kuɗinsa ke zuwa. Albashi abin ciniki ne, yau a ƙara, gobe a ce a yi haƙuri. Amma wanda ya ɗauke teburin cinikin gaba ɗaya ya wuce gona da iri, ko wace jam'iyya yake. Ra'ayinmu ke nan. Laifin da muke gani na ƙungiyoyin Wisconsin shi ne sun makara. Shekara da shekaru suna magana da mambobinsu da jam'iyyar da suke ba kuɗin kamfe, ba su je wurin manomin da ba shi da fansho ba. Ran da suka bukace shi, wani ya riga su isa.

Mu ma nan mun san ƙarfin sandika. Bayan harbin ɗalibai a gadar Kennedy ta Yamai ranar 9 ga Fabrairun 1990, yajin aikin USTN na cikin abubuwan da suka sa gwamnatin Ali Saibou ta amince da jam'iyyu da yawa, har aka buɗe babban taron ƙasa ranar 29 ga Yulin 1991. Ma'aikatan albashi ba su da yawa a ƙasar nan, a lokacin ma haka. Abin da ya ba su nauyi shi ne bukatar da suka ɗauko ta kowa ce. Daga baya manyan ƙungiyoyin suka rabu gida-gida, kuma yau in aka kira yajin aiki, tambayar farko da ake yi a fada ita ce: wa ke bayansu?

Shawararmu ga malamai, masu lamba da ƴan kwantaragi, da ma'aikatan likita: kafin ku rufe aji ko ku ajiye allura, ku zauna da iyaye da kwamitin COGES na makarantarku, ku je fada, ku je kasuwa. Ku nuna wa uban nan cewa sharuɗɗan aikinku su ne sharuɗɗan zaman ɗansa. Ajin zana da malami ke kuka da shi, irinsa ne ya kama wuta a Maradi a Nuwamban 2021, yara fiye da 20 suka rasu, Allah ya jiƙansu. In takardar bukatunku ta fara da wannan, ba wanda zai ce cikinku kawai kuke yi wa. Kuma ku yi nesa da tutar kowane ɓangaren siyasa, mai mulki ko mai neman mulki, don ran da aka liƙa muku ita kun rasa rabin gari kafin ku buɗe baki.

Ku kuma iyaye da manoma da ƴan kasuwa, in wani ya zo yana nuna muku albashin malami a matsayin dalilin talaucinku, ku tambaye shi: in an rage masa, nawa za a ƙara mana? Da wanda ya ƙware a raba kawuna da wanda ya zo da gyara, a wannan tambaya ake gane su.

Muna jiran ra'ayoyinku, musamman ku da ke ƙauyuka. Allah ya ba mu zaman lafiya da damina mai albarka.