Filin wasan makaranta ba kango ba ne

Hakeem Olajuwon yana ɗalibin sakandare a Legas, yana buga ƙwallon hannu, aka fara damƙa masa ƙwallon kwando. Ya wuce jami'ar Houston ta Amurka, a 1984 ya zama na farko da aka zaɓa zuwa NBA, ya ɗauki kofi a 1994 da 1995. Dikembe Mutombo ma makarantar Boboto ta Kinshasa ta yaye shi, ya kuma gina wa garinsu asibitin da aka buɗe a 2007.

Mu fa? Lambobin Olamfik biyu kacal Nijar ta taɓa samu: tagullar Issaka Dabore a dambe a 1972, da azurfar Abdul Razak Alfaga a taekwondo a 2016. Shekara 44 tsakani! Ba ƙarfi matasanmu suka rasa ba, fagen kokowa shaida ne. Wurin reno suka rasa.

Don haka muke kira ga gwamnati: kowace lise, daga Tawa har Damagaram, ta samu fili mai katanga, da malamin wasanni mai albashi, da gasa kowace shekara. Ƴan kasuwa kuwa, kada su sa wa filayen makarantu ido don gina shaguna. Su sayi ƙwallo da riguna. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.