A bar wa soso gurbi a tsakar gida

Duk wanda ya zagaya sababbin unguwannin Filinge zai ga abin da kuɗin 'yan ci-rani ke yi: katangar bulo, rufin kwano, tsakar gida shafe da siminti daga ƙofa har bakin ɗaki. Gida ya yi kyau, amma babu ko ganye ɗaya. Ra'ayina shi ne duk mai gini ya bar taku biyu na ƙasa a gindin katanga, ya shuka soso.

Iyayenmu mata a ƙasar Kurfai sun san shi sarai. Shi ne mai yaɗon nan da ke hawa danga da rumfa da damina, ya yi fure rawaya. Ana jiƙa irin ya kwana, a shuka da saukar ruwa a Yuni ko Yuli, a zuba ɗan takin awaki, a kafa masa sanda ko igiya. Furen namiji daban, na mace daban, duk a jikin tsiro ɗaya, kuma zuma ce ke kai garin wannan ga wancan. Saboda haka fesa maganin ƙwari lokacin fure asara ce. Bayan wata huɗu zuwa biyar ɗan ya bushe, a ɓare shi, a kaɗe baƙin irin a adana, a wanke. Ga soson wanka da na wanke-wanke har wata shekara.

Yau kuwa soson roba muke saye, wanda aka shigo da shi daga waje. In ya tsufa ya bi leda cikin bola, dabba ta haɗiya. Tun 2014 Nijar ke da dokar hana shigo da leda, amma kowa na ganin halin da titunanmu ke ciki. Soson gida in ya ƙare, taki yake zama.

Wasu za su ce yaɗo na tara maciji da sauro. Sauro a ruwan da ya kwanta yake haihuwa, maciji kuma ƙazanta da tarkace yake nema. A ɗaga yaɗon sama, a share gindinsa. Batun ruwa ma da sauƙi: Filinge na cikin kwarin Dallol Bosso, inda ruwan rijiya ba shi da nisa kamar na tudu, kuma ruwan alwala kaɗai ya isa tsiro biyu. Akuya ce babbar abokiyar gaba, ita kuma ƙaya ke maganinta.

Kowace ranar 3 ga Agusta manya na dasa itatuwa gaban kyamara, da yawa su bushe kafin rani. Soso ba ya jiran biki. Ɗan'uwa da ke Yamai, Akara ko Kwatano, in ka aiko kuɗin siminti bana, ka gaya wa magini ya bar wa Inna wurin shuka.