TALOTALO BA TSUNTSUN AKURKI BA NE

Ana yawan kuka da talotalo, wai yawonsa ya yi yawa. Da safe ya fita ya faɗa gonar maƙwabci, macen kuwa ta ɓace kwana da kwanaki, a yi ta zargin ɓarawo ko dila. Daga nan maigida ya fusata ya kulle su a akurki tare da kaji. Wannan ba magani ba ne, kuma wanda ya san asalin tsuntsun ba zai yi haka ba.

Talotalo tsuntsun jeji ne na Amurka ta Arewa. Mutanen Meksiko ne suka mai da shi na gida, Turawan Sifen suka kai shi Turai wajen 1520, daga baya ya iso ƙasashen nan. Har yau 'yan'uwansa suna cikin dazuzzukan Amurka, masana kuwa sun sha ɗaura musu 'yar na'ura suna bin sawunsu.

Na jeji a bisa itace yake kwana. Gari na wayewa ya diro, ya kama kiwo da ƙafa, yana tonon busasshen ganye, yana tsintar 'ya'yan itace da tsaba da fara. A wuni yakan taka mil 1 ko 2, kafin magariba ya nufi makwancinsa. Filin da yake zagayawa a shekara yakan kai eka ɗari-ɗari, wani ya wuce eka 1,000. Amma nisan ba ɗaya ba ne ko'ina. Inda abinci da ruwa da manyan itatuwa ke kusa da juna, ba ya nisa. A yammacin Teksas, inda ba a cika samun babban itace ba sai a bakin rafi, garke yakan riƙe kurmi ɗaya duk lokacin sanyi, kowane dare ya koma can. Da lokacin ƙwai ya yi sai mata su watse, wata ta yi mil 10 ko fiye kafin ta sami duhuwar da ta yarda da ita. A ƙasa take saka ƙwai 10 zuwa 12, ta kwanta kwana 28. Watau macen da ta ɓace daga gidan mutum, sau da yawa ba sata ba ce, kwanci ta tafi.

Na gida ya yi nauyi, ba ya tashi kamar na jeji, amma ƙafar tana nan. Gaskiya ne manyan gonaki suna kiwon talotalo a rufe, sai dai su da abincin saye suke yi, buhu-buhu. Manomin ƙauye ba shi da wannan. Fara da ciyawar da tsuntsun ke tsinta a waje su ne ribarsa. Ga kuma wata hasara: kaji suna ɗauke da wata cuta ta hanta da hanji wadda ba ta cika kashe su ba, amma takan share 'yan talotalo.

Abin da ya kamata shi ne a rage masa dalilin nisa. A bar masa itace a cikin gida, ko a kafa masa sanduna masu tsawo inda zai hau ya kwana. Kaskon ruwa kada ya bushe. Tsabar da za a ba shi a watsa ta da la'asar, lokaci ɗaya kullum, gama wanda ya saba da abincin yamma ba ya kwana a waje. Mace mai shirin ƙwai a yi mata lungu da ciyawa, a tsare ta har ta saba saka a nan. Da damina kuwa, sa'ad da amfanin gona ke tsaye, yaro ya kora garken zuwa saura kamar yadda ake yi da tumaki. Wanda gidansa ke tsakiyar gari, ko lambunan mutane suka kewaye shi, gara ya yi kiwon tantabara.