Mu Gina Aji Tun Kafin Kaka

Ɗan'uwa, kai da ka koyi karatu da girmanka, da kai nake.

A nan Junju, duk kaka sai an ji rigimar gona da burtali. Manomi na cewa an yi masa ɓarna, makiyayi na cewa an toshe masa hanya. Ka tuna Toda, cikin ƙasar Maraɗi. A 1991 irin wannan rigima ta ci mutum fiye da 100, galibinsu mata da yara.

Wasu na cewa lakwal aikin gwamnati ne. Ban yarda ba. Yaran na wa ne? Ajin kara kuwa tarko ne. A Nuwamba 2021 gobara ta tashi cikin irinsa a Maraɗi, yara fiye da 20 suka rasu.

Ƙasa muna da ita, hannuwa muna da su. Mu yi gayya mu buga tubali, mu nemi kwano da malami wurin gwamnati. Ka je ruga ka gayyato yaran Fulani. Waɗanda suka zauna benci ɗaya, suka sha fura ƙwarya ɗaya, da wuya su zare wa juna takobi.

Ka tada maganar nan a taron iyayen yara mai zuwa.