Sauro Da Baƙon Da Ke Cikinsa

Maganar wannan mako a kan sauro take. Mutumin Wudil ba ya bukatar a siffanta masa shi. Gari ne a bakin kogi, ga fadamu, ga kududdufai, in damina ta yi tsakiya kuwa sai a ga makarantar allo ta ragu, wasu almajirai suna kwance a zaure suna makyarkyata. Lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna wajen rubu'in masu zazzaɓin cizon sauro na duniya duka a Nijeriya suke.

An daɗe ana yaƙi da shi da guba a ƙasar Hausa. A 1954 aka soma feshin ɗakuna a yankin Birnin Kebbi, a 1955 aka tarar sauron Ambursa ya daina mutuwa da maganin. Daga 1969 zuwa 1976 aka yi babban aiki a Garki, wadda a lokacin tana cikin Jihar Kano, aka haɗa feshi da rabon ƙwayoyi. Zazzaɓi ya ragu ƙwarai, amma bai yanke ba, da aka ɗaga hannu kuwa ya komo. A 2014 masu bincike suka bayyana cewa sauron Bunkure da na Auyo ya soma jure irin maganin da ake jiƙa gidan sauro da shi.

Wannan ne ya sa masana suka waiwayi wata hanya, watau a bar sauro da ransa amma a hana shi ɗaukar cuta. A 1924 waɗansu masana biyu na Amurka, Hertig da Wolbach, suka ga wata ƙwayar bakteriya tana zaune a cikin jikin sauro, ido ba ya ganinta sai da madubin likita. Daga sunan na biyun aka raɗa mata Wolbakiya. Daga baya aka gane wajen rabin jinsunan ƙwari suna ɗauke da ita tun asali. Ba ta shiga mutum ta hanyar cizo. Gadonta ake yi daga uwa, ta cikin ƙwai.

Sha'aninta abin a tsaya a duba ne. In namiji mai ɗauke da ita ya sadu da macen da ba ta da ita, ƙwan ba ya ƙyanƙyashewa. In macen ce ke da ita, ƙwanta yana ƙyanƙyashewa ko da wane namiji ta sadu, 'ya'yan kuma su gaje ta. Saboda haka in an saki kaɗan, sannu a hankali sai zuriyar masu ita ta rinjayi ta marasa ita. Sa'an nan in ƙwayar cuta ta shiga cikin irin wannan sauro, sai ta iske baƙo ya riga ta shimfiɗa buzu, yana cinye abincin da za ta rayu da shi, ta kasa yawaita balle ta kai bakinsa. Allah Ya ambaci sauro a aya ta 26 ta Suratul Baƙara, mai ilmi kuwa ba ya raina abin da aka buga misali da shi.

A 2011 aka fara sakin irin wannan sauro kusa da Cairns ta ƙasar Ostareliya. Gwajin da ya fi ƙarfi an yi shi a Yogyakarta ta Indonesiya, birnin da yawancin mutanensa Musulmi ne, inda masu gida suka yarda aka ajiye bokitan ƙwan sauro a gidajensu. Sakamakon da aka buga a 2021 ya nuna zazzaɓin denge ya ragu da kashi 77 cikin 100 a unguwannin da aka saki sauron, kwanciya asibiti saboda shi kuma da kashi 86.

To, a nan ake son mai karatu ya natsu. Sauron da aka yi wa wannan aiki shi ne mai ɗigon fari a ƙafa, mai cizo da rana, mai haihuwa a randa da tsohuwar taya, wanda ke kawo denge da shawara. Yana nan ƙasar, don an tabbatar da denge a Sakkwato a Nuwamba 2023. Amma mai kashe yaran Wudil wani jinsi ne dabam, Anofilis, mai cizon dare, shi kuwa aikinsa yana hannun masu bincike. A 2014 an ba da labarin samun Wolbakiya a jikinsa a Burkina Faso, a 2023 kuma aka bayyana wata bakteriya mai suna Delftiya da ke daƙile ƙwayar zazzaɓi a cikinsa, aka gwada ta a killataccen wuri a can. Alamu ne masu kyau, ba su kai a naɗe gidan sauro ba. Falken da ya ji wannan labari a kasuwar Juma'a kada ya kai shi ƙauye da ƙari.

Abin tsoro na biyu shi ne jita-jita. Ranar da aka ce wa talaka za a saki sauro a unguwarsa don lafiyarsa, tilas ya yi tambaya, kuma yana da hujja, gama mutanen Kano ba su manta da gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara a 1996 ba. Amma an ga kuma abin da ƙin bincike ya jawo: a 2003 aka tsai da rigakafin shan inna, sai a 2004 aka koma bayan an samo maganin daga Indonesiya, kafin nan cutar ta ƙetara ƙasashe. A ita Indonesiyar ma, a 2023 an ɗage sakin sauro a Bali saboda jama'a ba su gamsu ba. A Agusta 2025 gwamnatin Burkina Faso ta tsai da wani aiki na sauron da aka sauya wa ƙwayoyin gado. Wancan dabam ne, domin sauro mai Wolbakiya ba a taɓa gadon halittarsa ba, amma wanda ba a yi wa bayani ba zai haɗa su a ƙwarya ɗaya.

Don haka ya kamata Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kano da Jami'ar Aliko Dangote da ke nan Wudil su tara alarammomi da limamai da shugabannin kasuwa tun yanzu, su nuna musu abin a madubi, su yi bayani da Hausa. Su kuma malamai su je da tambayoyinsu a rubuce: wane jinsin sauro ne, wace cuta ake nufi, wa ya ba da izini, wa zai ƙidaya marasa lafiya kafin a fara da bayan an gama, wa kuma za a kama in abu ya ɓaci. Kafin wannan zama, attajirin da ke neman inda zai kai sadakarsa ya leƙa zaurukan da almajirai ke kwana ya ƙirga gidan sauro nawa ke rataye.