Ka ji da kunnenka kafin ka faɗa

Kowa ya san rediyo. Muna kunnawa mu saurari Muryar Sahel ko wata tasha ta waje. To, akwai wasu mutane cikin duniya masu ƴar ƙaramar tasha a ɗakinsu. Suna ji, suna kuma magana. Sha'awa ce kawai, ba a biyan su ko dala. Sai da takardar izini ta gwamnati ake yi, kuma kowa da lambarsa ta kira. Lambar Nijar tana farawa da 5U, ta Najeriya da 5N, ta Faransa da F.

Babban burinsu shi ne su yi magana da wuri mai nisa. Wata ƙungiya a Amurka tana ba da takardar yabo ga wanda ya yi magana da ƙasashe 100. Abin da wuya. Muryar gajeren zango takan tashi sama, ta yi karo da wani sashe na sararin samaniya, ta dawo ƙasa can nesa. Rana ce ke gyara wannan hanya ko ta ɓata ta. Hanyar da ta buɗe da hantsi tana iya rufewa kafin azahar.

Shi ya sa suke taimakon juna. Wanda ya ji tasha mai nisa sai ya rubuta layi guda: lambar tashar, mitar da take, da lokaci. Lokacin duniya suke rubutawa, wanda agogon Nijar ya wuce da awa 1. A da sai dai su kira juna ta talho ko ta rediyo. Wajen ƙarshen shekarun 1980 wani Ba'amurke ya haɗa kwamfuta da rediyo don wannan aiki. Yau saƙon yana bin intanet, nan da nan ya kai ko'ina.

Wasu tsofaffin hannu ba su son haka. Sun ce wanda aka nuna wa inda nama yake kwance ba maharbi ba ne. Sun ce kuma abin yana jawo cinkoso. Nan kam suna da gaskiya. A 2023 wasu sun kai tasha tsibirin Bube na ƙasar Norwe, inda ba kowa sai ƙanƙara. Kwana kaɗan suka yi. Da an rubuta mitarsu sai jama'a su taru suna kira gaba ɗaya. Har aka samu masu shiga da lambarsu ta ƙarya.

Duk da haka, ni ina bayan wannan taimako. Ba kowa ke da babban kayan aiki ba. Wani ƴar waya ce ya ɗaura bisa icce, kuma awa guda gare shi da dare bayan aiki. In ba a gaya masa ba, yaushe zai dace? Makiyaya ma suna faɗa wa juna inda ruwa ya sauka, ba wanda ya kira su ragwaye.

Amma da sharaɗi. Mai rubutawa ya tabbata ya ji da kunnensa. In ya sa N wurin U, ya mai da Nijar Najeriya ke nan. Harafi guda fa! Mutane da yawa za su kwafe kuskuren cikin littafinsu. Mai karantawa kuma kada ya fara kira sai ya ji tashar ta faɗi lambarta da kanta.

Mukan ce gani ya kori ji. Su babu gani, kunne kaɗai gare su. Saboda haka labarin da ka ji da kanka, yi maza ka ba ƴan'uwa. Wanda aka ce an ce, riƙe shi tukuna sai ka tabbatar.