Kula Da Motarka: Ƙarin Sifirin

Idan kaka ta yi, masu akori-kura da yawa sukan kai motarsu gareji a ƙara mata falle ɗaya ko biyu na sifirin a baya. Sai ka ga mota ta ɗaga, maigida yana murna wai yanzu za ta ɗauki buhu nawa ya ga dama. A nan kuskuren yake.

Ɗaga mota ba ya ƙara mata ƙarfi. Kamfanin da ya ƙera ta ya rubuta iyakar nauyin da za ta ɗauka a littafinta, ko a ɗan allon da ke jikinta. Ƙarin sifirin yana hana ta durƙushewa ne kawai. Birki da tayoyi suna nan yadda suke.

Ga abin da yakan biyo baya. Na ɗaya, nauyi yana komawa sama. Kamar jakin da aka jibga wa kaya ne, da ya karkata sai faɗuwa. Haka motar da aka ɗaga take saurin kifewa a kwana.

Na biyu, tsohuwar shokazoba takan yi gajarta, robar man birki kuma ta miƙe, har ta iya tsinkewa a hanya mai gargada.

Na uku, wasu motoci, kamar Hilux da yawa, suna da wata 'yar na'ura a baya mai auna nauyin kaya, tana raba ƙarfin birki. In an ɗaga mota ba a daidaita ta ba, sai ta ɗauka motar ba kaya, ta rage birkin baya alhali lodi ya cika.

Na huɗu, sandar farfela takan karkace, mota ta riƙa rawa, gaɓoɓin sandar su cinye da wuri.

In lallai ne a ɗaga, sai a sayi kayan da aka yi domin irin motarka, ba gwanjon wata ba. A sa sababbin ƙusoshin ɗaure sifirin, a sake ɗaure su bayan 'yan kwanaki. A daidaita fitilun gaba.

Uwargida, ke ma da naki. Ranar kasuwa, kada ki bar yara su hau kan lodin da ya wuce kan direba. Maigida kuwa, sawu biyu ya fi sawu ɗaya da ba a isa gida ba. Kada garin neman gira a rasa ido.